Shin daɗewa a bakin aiki ita ce ƙwarewa?

Abu_MaiWalda: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shagon walda da ƙera ƙofofi da tagogi a nan Kaduna, kuma akwai tambayar da ta daɗe tana cin raina. A cikin yarana akwai wanda ya shekara 11 tare da ni, akwai kuma wanda bai cika shekara 3 ba, amma idan aka kawo aikin da ke buƙatar awo mai kyau da walda mai tsabta, na ƙaramin nan ne ba ya dawo mana da ƙorafi. Mun taso muna jin cewa yau da gobe ita ke koyar da sana'a, har wani ƙanena ya gaya mini cewa bincike ya tabbatar kashi 70 cikin ɗari na abin da ma'aikaci ya sani a bakin aiki yake samunsa. Idan haka ne, me ya hana shekarun babban su zama ƙwarewa? Ina roƙon waɗanda suka yi karatu a kan wannan, da waɗanda suka ga irinsa a wuraren aikinsu, su taimaka mini da bayani.

Malama_UnguwarRimi: Wa alaikumus salam, Malam Abu. Masana tattalin arziki sun daɗe a kan wannan tambaya. A shekarar 1936 wani injiniya a Amurka mai suna T. P. Wright ya duba yadda ake ƙera jiragen sama, ya gano cewa duk lokacin da jimillar jiragen da masana'anta ta taɓa ƙerawa ta ninka sau biyu, awoyin aikin da jirgi ɗaya ke ci suna raguwa da kusan kashi 20 cikin ɗari. Daga baya, a 1962, Kenneth Arrow ya gina nazariyya a kan haka, inda ya nuna cewa ilimin da ke ƙara yawan abin da ake samarwa yana fitowa ne daga aikin kansa, lokacin da mutane ke fama da matsala suna neman mafita. Ya kafa hujja da wata masana'antar ƙarfe a Horndal ta ƙasar Suwidin, wadda ta yi kimanin shekara 15 ba a zuba sabon jari a cikinta ba, amma abin da ma'aikaci ke samarwa a awa ɗaya ya riƙa ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin ɗari a kowace shekara. Sai dai akwai abu guda a cikin bayanin Arrow da ya shafi shagonka kai tsaye: ya ce idan matsala iri ɗaya ake ta maimaitawa, ribar koyon tana raguwa har ta kusa tsayawa, kuma ba ta ci gaba sai aikin ya riƙa kawo sabon abu. Saboda haka zan so in san irin aikin da babban yaron naka yake yi a cikin shekarun nan.

Baba_Kakuri: Abin da Malama ta faɗa game da Suwidin na gan shi da idona, ko da yake ban san sunansa a littafi ba. Na yi shekara 24 a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri da ke nan Kaduna, a sashen saƙa. Injunan da na tarar su ne na bari, amma yadin da muke fitarwa a shekarata ta goma ya fi na shekarata ta farko yawa da kyau. Mutum yana tsaye a tsakiyar ƙarar injuna masu yawa, amma kunnensa zai gaya masa wanne ne zarensa ya kusa tsinkewa, ya isa wurin kafin ya tsaya. Babu wanda ya rubuta mana wannan, kuma da za ka tambaye ni yadda nake ganewa ba zan iya yi maka bayanin da zai gamsar da kai ba. Don haka ni ban yarda a raina daɗewa ba, ɗana.

Injiniya_Barnawa: Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ina so in yi ɗan gyara a kan bayanin Malama, ba don kuskure ne ba, sai don kada a haɗa abubuwa biyu. Wright da Arrow masana'anta gaba ɗayanta suka auna, alhali Malam Abu mutum ɗaya yake tambaya a kai. Idan masana'anta ta ƙara sauri, ba lallai ne hannun kowane ma'aikaci ya ƙara ƙwarewa ba, domin ana iya sauya tsarin jera kaya, ko a kawo kayan aiki mafi kyau, ko a gyara zanen abin da ake ƙerawa.

Misalin da ya fi shahara ma ya shafi walda. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin 1941 da 1945, Amurka ta ƙera jiragen ruwan dakon kaya da ake kira Liberty guda 2,710, kuma da walda aka haɗa su. Na farko-farko sukan ci kusan kwana 230, daga baya aka dawo kimanin kwana 42. An daɗe ana kawo wannan a matsayin babbar shaida ta koyo ta hanyar yi, har sai da Peter Thompson ya sake duba bayanan a 2001, ya nuna cewa kaso mai yawa na saurin ya samo asali ne daga ƙarin jari da kayan aiki da aka zuba a tashoshin ƙera jiragen, kuma wani ɓangare na saurin an same shi ne da rage inganci. Wasu daga cikin jiragen sun tsage, ko da yake irin ƙarfen da aka yi amfani da shi, wanda ke yin gautsi a ruwa mai sanyi, yana da nasa laifin. Abin da nake nufi shi ne sauri daban, ƙwarewa daban, kuma wanda ya auna sauri kaɗai zai iya yaudarar kansa.

Malama_UnguwarRimi: Na karɓi gyaran, Injiniya. Gaskiya ne ma'aunin nasu na masana'anta ne.

Tela_KasuwarBarci: Ni ba ni da ilimin boko mai zurfi, amma na yaye yara sun fi ashirin a ɗinki. A wurinmu yaro ba ya taɓa almakashi a shekararsa ta farko. Yana farawa da guga, da ɗinke maɓalli, da kalmasa, sannan ya hau keke ya haɗa abin da aka riga aka yanka, yanka kuwa shi ne na ƙarshe, domin idan ya ɓata yadin mutane babu gyara. Abin da na lura da shi shi ne duk yaron da aka bari a mataki ɗaya saboda ya iya shi sosai, to a nan zai tsufa. Na taɓa samun wanda ya fi kowa iya haɗa wando, sai na ga riba ce a bar shi a kai, na wayi gari ya shekara shida bai iya yanka riga ba. Laifin nawa ne ba nasa ba, kuma har yau abin yana damuna.

Dalibar_Ilimi: Baba Tela, abin da ka bayyana ya yi daidai da wani bincike da ake koyar da mu. Wata masaniya mai suna Jean Lave ta zauna da teloli 'yan ƙabilun Vai da Gola a Monrobiya ta Laberiya a shekarun 1970, ta ga cewa masu koyo suna bin matakan ɗinki ne daga ƙarshe zuwa farko, wato guga da maɓalli, sannan ɗinki, sannan yanka. Ta bayyana cewa wannan tsari yana sa yaro ya fara sanin siffar kammalalliyar riga kafin ya san yadda ake haɗa ta, kuma kuskurensa na farko ba ya jawo babbar asara. A 1991 ita da Etienne Wenger suka faɗaɗa wannan, suka ce koyo a wurin aiki tafiya ce daga gefen jama'ar sana'a zuwa tsakiyarta. A cikin misalan da suka kawo har da na masu koyon fawa a manyan kantunan Amurka, inda ake ajiye sabon yaro yana naɗe nama a wani ɗaki daban, ba ya ma ganin yadda ƙwararru ke yanka, don haka koyon bai yi nisa ba. Wato zama a wurin aiki bai wadatar ba idan an toshe wa mutum hanyar gani da taɓawa.

Nas_Malali: Ina so in kawo misali daga asibiti. Na shekara 16 ina aikin jinya, kuma na lura cewa abubuwan da na ƙware a kansu su ne waɗanda nake ganin sakamakonsu nan take. Idan na nemi jijiya ban samu ba, a lokacin zan sani, hannuna ya gyara. Amma shawarar da nake ba mara lafiya ranar sallama, ban cika sanin ko ta yi amfani ba, domin ba ya dawowa wurina, saboda haka ba zan iya rantsuwa cewa na fi yadda nake shekara goma da suka wuce a wannan fanni ba. Malam Abu, idan ƙofa ta dawo da ƙorafi, wa ake kira ya gani? Wanda ya yi waldar, ko kuwa kai ne kake gyarawa da kanka don kada a ɓata wa mai kaya lokaci?

Akwai kuma binciken da Robert Huckman da Gary Pisano suka wallafa a 2006 a kan likitocin tiyatar zuciya a jihar Pennsylvania ta Amurka, waɗanda ke aiki a asibiti fiye da ɗaya. Sun gano cewa yawan tiyatar da likita ya yi a wani asibiti yana inganta sakamakonsa a wannan asibitin, amma bai cika bin sa zuwa wani asibitin ba. Wannan ya nuna cewa wani ɓangare na ƙwarewar yana cikin sabo da abokan aiki da kayan wurin. Duk wanda ya taɓa aiki a ɗakin tiyata ya san gaskiyar haka.

Sadiq_DanPoly: Tunda ana maganar koyo a wurin aiki, ku ba ni dama in faɗi abin da ke faruwa da mu ɗalibai. Hukumar ITF mai kula da horar da ma'aikatan masana'antu, wadda aka kafa a 1971, ita ta fito da shirin SIWES, wato tura ɗalibai horon aiki a kamfanoni, a 1973 domin ɗaliban fannin fasaha su taɓa injuna kafin su gama karatu. Manufar tana da kyau ƙwarai. Amma ni wata huɗu na yi a wani kamfani, kuma abin da na fi yi shi ne kai takardu daga ofis zuwa ofis da jiran mai sa hannu a littafin rahotona. Sau biyu kacal aka bar ni na shiga inda ake gyaran injin, kuma daga nesa na tsaya. Wani abokina da ya je garejin unguwarsu ya dawo ya iya sauke giyar mota ya mayar. A takarda dukanmu mun yi horo iri ɗaya.

Hajiya_MaiGidanBurodi: Sadiq, ɗana, na ji zafin abin da ka faɗa, amma ka duba ta ɓangarenmu. Injin kwaɓa fulawa da nake da shi idan ya lalace, aikin kwana uku ya tsaya, ma'aikata goma sha biyu suna jiran albashi. Ɗalibi zai zo na wata huɗu ya tafi, wanda zai tsaya a kansa ya koya masa kuma ma'aikacina ne da nake biya don ya yi wani aikin. Koyarwa tana da tsada, kuma mai kamfani ne ke ɗaukarta, ribar kuwa ta tafi wani wuri. Duk da haka ina karɓar ɗalibai, sai dai biyu kawai a lokaci guda, domin fiye da haka ba zan iya kula da su ba.

Injiniya_Barnawa: Hajiya ta taɓo tushen matsalar. A Jamus, inda matashi ke yin kwana uku ko huɗu a kamfani da kwana ɗaya ko biyu a makaranta har tsawon shekara biyu zuwa uku da rabi, kamfani yana samun lokacin da zai ci moriyar wanda ya horar, kuma akwai doka da ta fayyace abin da dole a koya masa da jarrabawar da zai ci. Wata huɗu ba sa isa a mayar da kuɗin koyarwa. A nan gida hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, wadda hedikwatarta ke nan Kaduna, tana da tsarin ba da shaidar ƙwarewa ga masu sana'a bisa abin da suka iya yi da hannu, kuma ina ganin masu shaguna a kasuwar ƙere-ƙere ta Panteka ya kamata su neme shi.

Abu_MaiWalda: Na gode ƙwarai, ina bin kowace amsa. Amma har yanzu ba a ce komai ba a kan kashi 70 da ƙanena ya ambata. Shin gaskiya ne ko kuwa?

Malama_UnguwarRimi: Wannan lissafi, da ake kira 70:20:10, ya samo asali ne daga wata cibiyar horar da shugabanni a Amurka a shekarun 1980, inda aka tambayi manyan manajojin kamfanoni da suka yi nasara su tuna abubuwan da suka fi koya musu darasi. Mafi yawansu sun ambaci ayyuka masu wuya da aka ɗora musu (su ne kashi 70), sannan mutanen da suka yi aiki da su (kashi 20), sannan kwasa-kwasai (kashi 10). Ka ga ke nan tunanin mutane aka tattara, ba a auna ilimin kowa ba, kuma ba maƙera ko teloli aka tambaya ba. Bai dace a riƙe alƙaluman kamar awon gwal ba. Abin da ke da amfani a ciki shi ne kalmar “masu wuya”: manajojin ba su ce zaman ofis ne ya koya musu ba, sun ce aikin da ya fi ƙarfinsu ne. Haka nan Anders Ericsson da abokan aikinsa, a bincikensu na 1993 a kan masu kaɗa goge na Turawa a Balin, sun bambanta maimaitawa kawai da atisayen da aka tsara don gyara wani rauni takamaimai, tare da malami mai nuna kuskure.

Malamin_Gona_Rigachikun: Ina da ƙari a kan maganar Nas. Wani lokaci sakamakon yana gaban mutum, amma bai san inda zai duba ba. A 2014 Rema Hanna da Sendhil Mullainathan da Joshua Schwartzstein sun wallafa bincike a kan manoman ciyawar teku a Indunusiya, mutanen da suka shekara da shekaru a sana'ar. Manoman suna kula da tazarar da ke tsakanin dashe, amma yawancinsu ba su taɓa lura da girman irin da suke ɗaurawa ba, alhali yana shafar amfanin. Ko da aka yi gwaji a gonakinsu suna kallo ba su sauya ba, sai da aka tattara sakamakon aka nuna musu a fili sannan suka gyara. Ina ganin irin wannan a wurin manoman masara kullum. Mai yiwuwa babban yaron Malam Abu akwai abu ɗaya da bai taɓa sanin ana dubawa ba, kamar ƙarfin wutar injin ko tsabtar bakin ƙarfe kafin a ɗora walda, kuma ƙaramin ya ci sa'a wani ya nuna masa.

Bakanike_Kawo: Akwai abin da ba a faɗa ba, kuma dole a faɗe shi. Wasu iyayen gida suna ɓoye sirrin sana'a da gangan. Ni maigidan da na fara koyo a wurinsa, Allah ya jiƙansa, idan aka zo saita injin sai ya aike ni sayen abinci. Tsoronsa kada in iya in buɗe nawa garejin in ɗauke masa masu kawo gyara. Ban riƙe shi a zuciya ba, domin shi ma haka aka yi masa. Sannan sana'ar kanta tana sauyawa. Shekarun da na yi a kan motocin kafireta ba su taimake ni ba sosai da motoci masu kwamfuta suka cika gari, sai da na sauke girman kai na je wurin yaron da na girme shi da shekara ashirin ya koya mini karanta na'urar gwaji.

Baba_Kakuri: Ɗana Bakanike ya tuna mini da abin da ya fi ba ni baƙin ciki. Masaƙa ta farko a Kakuri ta fara aiki tun 1957, kuma cikin shekaru hamsin garin nan ya tara dubban mutane da suka san zare da rini da gyaran injin saƙa. Da masaƙun suka rufe, wasu suka koma acaba, wasu gona, da yawa sun rasu. Ko yau aka kawo sababbin injuna, wannan ilimin ba ya nan yana jira. Ni kaina da na ce kunnena yana jin zare, ban tabbata zai ji yanzu ba.

Malama_UnguwarRimi: Baba, bincike ya goyi bayanka a nan ma. Linda Argote da abokan aikinta, da suka duba bayanan jiragen Liberty ɗin da Injiniya ya ambata, sun gano a 1990 cewa ilimin da masana'anta ta tara yana zagwanyewa da sauri idan ba a ci gaba da aiki ba. Lanier Benkard ya ga haka a 2000 a ƙera jirgin saman TriStar na kamfanin Lockheed, inda kuɗin ƙera jirgi ya sake hawa bayan an rage yawan aiki. Amma akwai wani binciken na 2013, na Steven Levitt da John List da Chad Syverson, a wata masana'antar haɗa motoci, inda kurakurai a kowace mota suka ragu ƙwarai a makonni takwas na farko. Da aka buɗe rukuni na biyu na ma'aikata bayan wasu makonni, ba su fara daga yawan kurakuran da rukunin farko ya fara da shi ba, domin an riga an shigar da darussan cikin tsarin aikin. Wato ilimin da aka mayar tsari yana iya wuce mutumin da ya gano shi, wanda aka bari a kai da kunne kuwa yana tafiya da mai shi.

Yaya_Asabe_TudunWada: Ni ina da ja a kan yadda muke ta auna babban yaron nan da tsabtar walda kaɗai. Mutumin da ya shekara 11 a shago ya san wane dillalin ƙarfe ne ke da amana, ya san mai kayan da zai biya da wanda zai ja rai, kuma wataƙila shi ne ya riƙe wa ƙaramin hannu a watanninsa na farko. Wannan ma ilimi ne da aiki ya koya masa. Malam Abu, ina roƙonka kada wannan muhawara ta sa ka rage masa daraja a gaban yara.

Abu_MaiWalda: Yaya Asabe, kin faɗi gaskiya, kuma shi ne nake bar wa shago idan na yi tafiya. Tun jiya nake tunanin tambayar Malama da ta Nas. Babban yaron ya fi shekara takwas a kan tagogin gidajen haya iri ɗaya, domin yana da sauri a kansu kuma su ne ke kawo kuɗin yau da kullum. Ƙaramin kuwa shi nake ɗauka idan za a je ɗaura ƙofa a gidan mai ita, don haka yana ganin inda awo ya saɓa da bango, yana jin faɗan mai gida da kunnensa. Aikin da ya dawo kuma ni nake gyarawa da dare. Na yi niyyar ba babban aikin ƙofar gareji mai gungurawa da aka kawo makon nan, amma ina tsoron ya ɗauka gwada shi nake yi, ko ya ji kunyar tambaya a gaban na ƙasa da shi. Waɗanda suka taɓa sauya wa tsohon ma'aikaci aiki, yaya kuka yi?

Tela_KasuwarBarci: Ni da na gane kuskurena a kan mai haɗa wandon nan, bayan an tashi daga shago nake tsayar da shi mu biyu, in shimfiɗa yadi mai araha in ba shi almakashi. Ya ɓata guda huɗu kafin ya fitar da riga ta farko, kuma babu yaron da ya gani.

Nas_Malali: A wurinmu ba a iya jira a tashi, domin mara lafiya ba ya jira. Abin da muke yi shi ne a haɗa biyu a aiki ɗaya, a ce wa babbar ita ce mai kula, sai kowace ta ga hannun 'yar'uwarta ba tare da an kira abin koyarwa ba. Ban sani ba ko hakan zai yiwu a walda, tunda mutum ɗaya ne ke riƙe da wuta. Injiniya, kai da ka san aikin ƙarfe, me ka gani?